Gara da Zamanin 'Yan Faɗa Ya Fara Wucewa a Ƙwallon Gora na Ƙanƙara

A gasar NHL ta Amurka da Kanada, inda ake buga ƙwallon gora a kan ƙanƙara, an daɗe ana ajiye wani irin ɗan wasan gaba wanda aikinsa faɗa ne kawai. Da zarar abokan karawa sun taɓa tauraron ƙungiya, sai koci ya turo shi. Ya yar da gora, ya tuɓe safar hannu, a yi ta naushi alƙalan wasa na kallo har sai wani ya kai ƙasa. Hukuncin bai wuce zaman minti 5 a benci ba. Tauraron ɗan wasa Wayne Gretzky ma, a shekarunsa na ƙungiyar Edmonton, yana da Dave Semenko a gefensa yana yi masa dogari.

Irin waɗannan 'yan wasa sun yi ƙaranci yanzu, kuma ni dai na ji daɗin haka.

Duk wanda ke kewarsu ya dubi rayuwar Derek Boogaard. Tun yana matashi a gasar yara ta yammacin Kanada aka ga girman jikinsa aka ɗora shi a kan faɗa. Ya buga wa Minnesota Wild da New York Rangers wasa 277, ƙwallo 3 kacal ya ci. A watan Mayun 2011 aka tsinci gawarsa yana da shekara 28, ya haɗa giya da magungunan kashe zafin ciwo. Da masana a Jami'ar Boston suka binciki ƙwaƙwalwarsa, sai suka tarar da cutar CTE, wadda yawan bugun kai ke haifarwa. Kafin ƙarshen Agustan shekarar, Rick Rypien da Wade Belak, su ma masu wannan aiki, sun rasu. Mutum uku cikin wata huɗu, ba wanda ya haura shekara 35.

Sai dai ba tausayi ne ya kori 'yan faɗa ba, lissafi ne. Daga 2005 aka ƙayyade kuɗin da kowace ƙungiya za ta kashe a albashi, aka kuma tsananta hukunci kan riƙe mutum ko saƙale shi da gora. Wasa ya ƙara sauri. Kocin da zai fuskanci mai gudu irin Connor McDavid ba zai ɓata gurbi a kan wanda bai iya komai ba sai dambe.

Masu kare al'adar na cewa tsoron duka ne ke hana mugun wasa. Ban yarda ba. Hana mugun wasa aikin alƙali ne, kuma a gasar Olamfik korar mai faɗa ake yi daga fili, amma wasan bai rasa armashi ba.

Abin da ke damuna shi ne sha'awar kallon faɗan na nan daram. A Fabrairun 2025, da Amurka da Kanada suka haɗu a Montreal, faɗa uku aka yi cikin daƙiƙa 9 na farko, 'yan kallo suna ta sowa. Yaro ɗan shekara 16 da ya ga haka zai ɗauka hanyar samun suna ke nan.

Gasar matasa ta Quebec ta haramta faɗa tun 2023, wanda ya yi sai a kore shi daga wasan. Ya kamata NHL ma ta yi hakan, ta daina fakewa da minti 5.