Jinjina ga Maginan Ƙasa na Birnin Dikko

Duk ɗan Ƙanƙara, Faskari ko Sabuwa da ya shiga tsohon birnin Katsina, ya ɗaga kai ya kalli Hasumiyar Gobarau, ya san akwai hannun da ke riƙe da ita. Ana danganta gininta da zamanin Sarki Muhammadu Korau, amma ginin ƙasa ba ya jure damina sai da kulawa.

Magina ne ke kwaɓa ƙasa da ciyawa, su murza tubali, su jera azara, su shafe bango da makuba don ruwa ya zame. Baƙo kuwa ya ɗauki hoto ya wuce, ko sunansu bai tambaya ba. Ba don su ba, da tsibin ƙasa za mu nuna wa jikokinmu.

Allah Ya yi wa wannan sana'a albarka, Ya ba ta magada.