Tumatirin Erickson da Masu Sayar da Sirrin Magana

A 1975 wasu Amurkawa biyu, Richard Bandler da John Grinder, suka fitar da littafi mai dogon suna, Patterns of the Hypnotic Techniques of Milton H. Erickson, M.D. Yawancin kwasa-kwasan da ake tallatawa yau da alƙawarin koya maka hifnosis cikin hira, wato ka juya tunanin abokin maganarka bai farga ba har ya ciro kuɗi ya saya, daga wannan littafi suka samo asali. Mun karanta shi da idon masu rubuta manhaja, kuma marubutan ne suka ja mu ciki: tsarin da suka gina sun raɗa masa suna NLP, harafin ƙarshen kuwa yana nufin tsara umarni irin wanda muke yi wa kwamfuta.

Erickson likitan ƙwaƙwalwa ne, an haife shi a 1901, ya rasu a 1980 a birnin Finiks na jihar Arizona. Shan inna ta kwantar da shi yana ɗan shekara 17, kuma ya sha faɗin cewa a wannan kwanciyar ya koyi lura da motsin mutane da muryoyinsu. Labarinsa da ya fi daɗin karantawa shi ne wanda ya wallafa a 1966, na wani mai sana'ar furanni da ciwon daji ya ci ƙarfinsa, maganin kashe zafi ya daina yi masa aiki yadda ake so, ga shi ba ya son a ambata masa hifnosis. Erickson ya zauna kusa da shi yana yi masa hirar shukar tumatir: yadda iri ke kwanciya cikin ƙasa, yadda yake shan ruwa, yadda yake tsirowa a hankali. A tsakanin jimlolin yana saƙa kalmomin sauƙi da natsuwa, yana ɗan sauya murya idan ya zo kansu. Bisa rahoton likitan, mutumin ya samu sassauci.

Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe a labarin shi ne dalilin zaɓen shuka. Likitan ya san wanda ke gabansa, ya san rayuwarsa kaf a cikin tsirrai ta tafi. Mara lafiyar kuma sauƙin yake nema ruwa a jallo. Buƙatar su biyun ɗaya ce.

Bandler da Grinder sun ɗauki irin wannan hira suka yi mata fiɗa da nahawun Chomsky, domin Grinder malamin kimiyyar harshe ne a jami'ar Kalifoniya da ke Santa Kurus. Suka fitar da jerin salo: magana mai faɗi wadda kowa zai cika ta da nasa tunanin, umarnin da aka ɓoye cikin doguwar jimla, tambayar da ta riga ta yanke hukunci. A nan littafin ya yi abin yabo. Wanda ya karanta shi zai riƙa jin abin da ke ƙarƙashin "yau za a kawo maka ko gobe?", tambayar da ta tsallake batun ko kana so ma. Marubutan labari za su ƙaru da wannan ɓangaren, musamman wajen rubuta bakin mayaudari.

Sai dai jerin ya zubar da mai furannin ya riƙe jimlolin. Daga nan hanya ta buɗe wa 'yan kasuwa, domin lura da mutum ba ta shiga kwali, amma jerin jimloli ana iya buga shi a sayar. Tony Robbins, wanda ya yi karatu wurin Grinder, ya fitar da Unlimited Power a 1986, littattafan koyar da talla suka biyo baya tuli. Darajar sunan NLP ta kai har Bandler ya maka Grinder a kotu a kan mallakarsa.

A wurin aikinmu, ba a kiran abu manhaja sai in ya ba da sakamako iri ɗaya duk lokacin da aka ba shi umarni iri ɗaya. Da aka gwada NLP da wannan ma'auni, bai tsallake ba. Christopher Sharpley ya tattara binciken da aka yi a kansa a 1984 da 1987, bai sami hujjar da ta tsaya ba. A 1988 kwamitin Majalisar Bincike ta Ƙasa ta Amurka, wanda rundunar sojin ƙasar ta nemi ya duba hanyoyin ƙara ƙwazon ma'aikata, ya kai ga matsaya makamanciyar wannan. A 2012 Richard Wiseman da abokan aikinsa suka gwada iƙirarin cewa juyawar ido na tona maƙaryaci, ba su ga komai ba. Wannan bai shafi hifnosis na asibiti ba, wanda ake yi da sanin mara lafiya kuma yana da nasa hujjojin wajen rage zafi.

To ina ribar take? A wajen mai sayar da kwas. Hajarsa tana kama da laƙanin kasuwa: in ciniki ya faɗa, sirrin ne ya ci, in bai faɗa ba, kai ne ba ka iya ba, ga kwas na mataki na biyu.

Akwai kuma ɗan abin da yake aiki da gaske, kuma mu ne muke ganinsa, domin a manhaja ana auna komai. A nuna wa rabin masu shigowa maɓalli mai rubutu kaza, sauran rabin a nuna musu wani, a ƙirga. Zaɓin ƙarya irin "yanzu ko anjima", ko maɓallin ƙi da aka rubuta don ya kunyata mai dannawa, kamar "a'a, ba na son rangwame", sukan ɗaga lissafi. Babu wanda ya suma, babu wanda aka mallake. Mutum ne mai gaggawa aka toshe masa ƙofar fita. Harry Brignull ya raɗa wa irin waɗannan dabaru suna a 2010, abin da za mu kira baƙin zane, kuma hukumomi sun fara cin tara a kansu. A Disamba 2022 kamfanin Epic Games, mai wasan Fortnite, ya amince zai biya dala miliyan 245 don a mayar wa mutanen da tsarin maɓallansa ya sa suka sayi abin da ba su yi niyya ba. A 2023 hukumar kasuwanci ta tarayyar Amurka ta kai Amazon kotu kan yadda ake shigar da mutane Prime da yadda ake wahalar da mai son fita.

Littattafan tallan da suka fito daga Patterns suna tsayawa ne a daidai lokacin da mai saye ya ce to. Allon lissafin da muke kallo a ofis yana ci gaba bayan nan: akwai layin waɗanda suka nemi a mayar musu da kuɗi, da layin waɗanda suka goge manhajar a sati na biyu.