Yanka Hoto da Takun Rawa: Tarken Fim ɗin Maya Deren a Matsayin Darasi ga Ɗalibin Tace Hoto

1.0 Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya fara koyon sana'ar fim, ko a Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa da ke Jos, ko a sashen wasan kwaikwayo na wata jami'a, ko kuma a shagon wani ubangida a Kano, yakan iso wani mataki da zai zauna gaban na'ura da tarin hotunan da aka ɗauka, a ce masa ya mayar da su fim. Wannan aiki shi ne masu sana'ar ke kira tace hoto, wato zaɓen ɗauka, da yanke ta, da jera ta kusa da 'yar'uwarta. Ya bambanta da tacewar da hukuma ke yi don duba dacewar fim da tarbiyya. Idan labari ake tacewa, ɗalibi yana da madogara, domin maganar 'yan wasa takan nuna masa inda zai yanka. Idan kuwa rawa aka ba shi, wannan madogara ta gushe, sai jiki da motsinsa kawai.

Manufar wannan maƙala ita ce yin tarken wani ɗan gajeren fim na rawa mai suna A Study in Choreography for Camera, wanda Maya Deren ta shirya a Amurka a shekarar 1945, tare da fito da abin da ɗalibi zai koya daga nasararsa da kuma iyakarsa. Ra'ayin da za a kare shi ne cewa yanka hoto a fim ɗin rawa shi kansa taku ne, don haka mai tacewa ba shi da hurumin yin sa sai ya san irin rawar da ke gabansa.

2.0 Maya Deren da Fim ɗinta

An haifi Maya Deren a birnin Kiyef a shekarar 1917, iyayenta suka yi ƙaura da ita zuwa Amurka tana yarinya, ta kuma rasu a Niyu Yok a 1961. Kafin ta taɓa kyamara, ta yi aikin sakatariya ga Katherine Dunham, baƙar fatar Amurka wadda ta haɗa sana'ar rawa da nazarin al'adun tsibiran Karibiyan. A nan ta san rawa daga kusa, a nan kuma ta san Talley Beatty, ɗan rawar da ya fito shi kaɗai a fim ɗin da ake magana a kai. Fim ne na fari da baƙi, marar sauti, wanda aka ɗauka da ƙaramar kyamara ta milimita 16, tsawonsa kuma bai kai minti biyar ba. Sunan Beatty ya fito tare da na Deren a farkon fim ɗin a matsayin waɗanda suka yi aikin.

Fim ɗin ya buɗe da kyamara tana kewayawa a hankali cikin daji, sai ga Beatty ya bayyana a tsakanin itatuwa. Kyamara ta wuce shi, sai ga shi kuma a gaba, har sau huɗu, kowane karo ya fi matsowa kusa. Daga nan ya ɗaga ƙafa a dajin, ya fara sauke ta, ƙafar kuwa ta dira a cikin ɗaki. Ya ci gaba da motsi, sai ga shi a zauren kayan tarihin Masar na gidan tarihi na Metropolitan. Sannan aka nuna kansa yana juyawa a gaban wani mutum-mutumi mai fuskoki da yawa, juyin ya fara a hankali ya yi ta ƙara sauri. A ƙarshe ya yi tsalle guda wanda ya daɗe a sama fiye da yadda jikin ɗan Adam zai iya, kafin ya dira a kan tudu, sararin sama na bayansa.

3.0 Darasi na Farko: Yanka a Tsakiyar Motsi

Abu na farko da akan koya wa ɗalibi shi ne ya ɓoye yankansa. Hanya mafi sauƙi ita ce yanka a daidai lokacin da jiki ke motsi: mutum ya fara zama a ɗaukar nesa, ya ƙarasa zaman a ɗaukar kusa, idon mai kallo ya bi motsin bai lura da gaɓar ba. A finafinan labari ana yin haka ne don a tabbatar wa mai kallo cewa wuri ɗaya ne, lokaci ɗaya ne. Deren ta ɗauki wannan ƙa'ida ta juya amfaninta. Ta riƙe motsin ƙafar Beatty daram, saurinsa da alkiblarsa ba su sauya ba, amma ta sauya duniyar da ke bayansa. Da yake ido ya riga ya amince da ƙafar, sai ya amince da ɗakin da ta taka.

Wannan dabara tana da asali. A farkon shekarun 1920, Lev Kuleshov da ɗalibansa a Mosko sun nuna cewa ana iya harhaɗa hotunan wurare masu nisa da juna, mai kallo ya ɗauke su wuri guda. Abin da Deren ta ƙara shi ne ta sa jikin ɗan rawa ya zama zaren da ke ɗinke wuraren. Ɗalibin da ya gwada kwaikwayon wannan gaɓa a kwamfuta zai tarar da cewa nasararta ta rataya a kan abu ƙanƙane. Bidiyon da aka saba da shi a Nijeriya yana da firam 25 a daƙiƙa guda, kuma kuskuren firam biyu ko uku ya isa ya sa ƙafar ta yi kamar ta yi tuntuɓe. Ta wannan hanya ɗalibi kan gane cewa kowane motsi yana da mafari, da ƙololuwa, da wurin hutawa, kuma almakashi ba ya shiga ko'ina sai inda motsin ya ba da ƙofa.

4.0 Darasi na Biyu: Lokaci da Nauyin Jiki

Tsallen ƙarshe ya fi kowane sashe jan hankalin masu nazari. Deren ta ɗauki tsalle da yawa daga kusurwoyi daban-daban, ta zubar da tashi da saukar kowanne, ta jera tsakiyarsu kaɗai, har tsallen ya kusan kai rabin minti. Haka kuma saurin juyin kan Beatty daga kyamara ya fito, domin an riƙa sauya yawan firam ɗin da take ɗauka yayin da shi yake juyawa. A nan rawar ta zama wadda ba za a taɓa yin ta a dandali ba. Wannan shi ne abin da ya raba fim ɗin rawa da hoton rawa: na biyu adana abin da ya faru yake yi, na farko kuwa yana ƙirƙirar motsin da babu shi sai a majigi.

Sai dai wannan nasara tana da farashi, kuma wajibi ne tarke ya faɗe shi. Abin da ke sa mai kallo ya jinjina wa ɗan rawa shi ne sanin cewa jiki yana da nauyi, ƙasa tana jan sa, numfashi yana ƙarewa. Da zarar an cire tashi da sauka, an cire ma'aunin da za a auna gwanintar Beatty da shi. Mai kallo ba zai iya bambance abin da cinyar ɗan rawa ta yi da abin da almakashi ya yi ba. Wannan ne ya sa Fred Astaire, fitaccen ɗan rawan finafinan Amurka na shekarun 1930, ya dage a kan a riƙa ɗaukar sa daga kai har ƙafa, tare da rage yanka gwargwadon iko. Ra'ayoyin biyu suna da hujja, kuma ɗalibi yana tsaye a tsakaninsu duk lokacin da ya ɗora hannu a kan na'ura.

Abin da ya ceci fim ɗin Deren daga zama wasan dabara kawai shi ne ba ta hana jikin saukarsa ba. Bayan dogon shawagin, Beatty ya dira da ƙafafu a buɗe, gwiwoyi a lanƙwashe, ya tsaya cik. Nauyin da aka ɗage an mayar da shi, kuma wannan biyan bashi shi ya ba tsallen ma'ana.

5.0 Darasi na Uku: Rawar da Ta Ƙi Almakashi

Darasi mafi nauyi yana cikin abin da ya biyo bayan fim ɗin. A 1946 Deren ta sami tallafin gidauniyar Guggenheim, ta kuma tafi ƙasar Haiti a 1947 da niyyar ɗaukar raye-rayen addinin gargajiya na Vodou, don ta tace su yadda ta saba. Ta koma ƙasar sau da dama, ta tara hotuna masu yawa, amma har ta rasu ba ta mayar da su fim ba. Ta gane cewa rawar ba siffar motsi ce da za a ciro daga muhallinta ba, domin ma'anarta tana tattare da ibadar da ta haife ta, da kiɗan, da jama'ar da ke kewaye, da tsawon jiran da akan yi. Maimakon fim sai ta rubuta littafi, Divine Horsemen, wanda ya fito a 1953. Sai a 1977 mijinta na ƙarshe, Teiji Ito, da Cherel Ito suka harhaɗa wani ɓangare na hotunan.

Sunan littafin ba baƙo ba ne ga mai nazarin al'adun Hausawa, domin a bori ma akan ce iska ya hau mutum, a kira wanda aka hau doki ko goɗiya. Wani mai shirya fim da ya fuskanci irin wannan matsala a Afirka ta Yamma shi ne Bafaranshe Jean Rouch. A 1971, a ƙauyen Simiri na ƙasar Zabarmawa a Nijar, ya ɗauki fim ɗin Tourou et Bitti a ɗauka guda ta kusan minti goma, ba tare da yanka ba. Mutanen ƙauyen sun daɗe suna kiɗa suna jira, hawan kuma ya zo ne kyamara na tafiya. Da an yanke jiran, da an yanke abin da ya ba aukuwar ƙarfi. Ke nan mace ɗaya da ta nuna iyakar abin da yanka zai iya yi, ita ce kuma ta nuna inda ya kamata ya tsaya.

6.0 Abin da Ya Shafi Ɗalibin Hausa

Tun bayan fitowar Turmin Danya a Kano a 1990, finafinan bidiyo na Hausa suka bunƙasa, rawa da waƙa kuma suka zama sashe sananne a cikinsu, bisa tasirin finafinan Indiya. Yadda aka saba shi ne a fara naɗar waƙa a situdiyo, 'yan wasa su bi ta da baki da jiki a wurare daban-daban, sannan mai tacewa ya jera hotunan. Sauya wuri da tufafi a tsakiyar baiti, wanda ya zama ruwan dare a irin waɗannan waƙoƙi, ɗan'uwan dabarar Deren ne. Bambancin shi ne, sau da yawa bugun kiɗa ake bi wajen yankawa, ko jiki ya kammala motsinsa ko bai kammala ba. Sakamakon haka sai a ga hannu ya tashi bai sauka ba, juyi ya fara bai ƙare ba, hotuna na sauyawa da sauri amma babu taku guda da mai kallo zai riƙe. Manhajoji irin su Adobe Premiere da DaVinci Resolve sun sa yanka ya yi arha, abin da kuma ya yi arha akan yi almubazzaranci da shi.

Hatsarin ya fi girma idan aka juyo ga raye-rayen gargajiya. A rawar Koroso, akayau da ke ɗaure a ƙafar ɗan rawa yana cikin kiɗan, saboda haka idan hoto da sauti suka saɓa ko da kaɗan ne, kunne zai kama ƙaryar kafin ido. A wurin kiɗan kalangu kuwa, makaɗi yana kallon mai rawa, yana amsa masa, yana zuga shi, shi kuma yana mayar da martani da ƙafa. Mai tacewar da ya cika fim da ɗaukar kusa ta fuska, ya bar makaɗi a waje, ya ɗora wani sauti mai tsabta daga situdiyo, ya raba zance biyu ya jefar da rabi. Kuma tun da bidiyo ne zai zama shaidar da 'yan baya za su gani ta yadda ake waɗannan raye-raye, kuskuren mai tacewa na yau yana iya zama tarihin gobe.

7.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata an ga cewa A Study in Choreography for Camera ya yi nasara ne saboda an tsara rawarsa tun farko domin kyamara, da yardar ɗan rawan da haɗin kansa, kuma an girmama mafari da makomar kowane motsi. An kuma ga cewa wannan 'yanci bai wuce zuwa raye-rayen Haiti ba, inda mai fim ɗin da kanta ta janye hannu. Saboda haka tambayar da ta kamata ɗalibi ya fara yi kafin ya taɓa na'ura ita ce: wannan rawa an yi ta ne don a yanka, ko kuwa tana da jama'a da makaɗa da lokacinta waɗanda suka riga kyamara zuwa? Idan ta farko ce, yana da damar ya sa ƙafa ta tashi a daji ta dira a ɗaki. Idan ta biyu ce, aikinsa shi ne ya ja da baya, ya nuna jiki duka tare da makaɗinsa, ya kuma bar taku ya kai ƙasa kafin ya yanka.