Ƙaramin ampili mai ƙwai: gado ko hadda?

A ƙasashen Amurka da Ingila da Faransa da Jamus da Japan akwai wata ɗabi'a da ta yaɗu tun shekarun 1990, wadda ta cancanci masu nazarin al'adu su tsaya su dube ta. Mutane ne, wasu makaɗa, wasu ma'aikatan ofis, wasu tsofaffin da suka yi ritaya, suke keɓe wani lungu a gida ko a garejin mota, su tanadi ƙarfen liƙi da dalma da wayoyi, su zauna makonni suna harhaɗa na'urar ƙara sautin gita, wadda aka fi sani da ampili. Abin mamaki shi ne irin ampilin da suka zaɓa: ƙarami, mai ƙarfin wat 5 ko ƙasa da haka, kuma mai aiki da ƙwan gilashi, wato fasahar da masana'antu suka juya wa baya sannu a hankali bayan da aka ƙirƙiro tiranzisto a ɗakunan binciken Bell a 1947. Tambayar da ta dace a yi ita ce: mene ne waɗannan mutane suke ceto wa daga mantuwa, kuma shin abin da suke cewa suna ceto shi ne ainihin abin da ke da daraja a aikin nasu?

Kafin a yanke hukunci, sai an san abin da ake magana a kai. Ƙwan ampili, wanda Faransawa ke kira lampe, kwalba ce ƴar ƙarama da aka zuƙe iskar cikinta. A ciki akwai waya da ke yin zafi tana sakin ƙwayoyin lantarki, da faranti mai jawo su, da kuma wata raga a tsakani. Bature ɗan Ingila John Ambrose Fleming ne ya ƙera na farko a 1904, sannan Ba'amurke Lee de Forest ya ƙara masa ragar a 1906. Hikimar duka tana ga wannan raga: ɗan siginar da ke fitowa daga igiyar gita, in ya hau kanta, shi ke buɗe hanya ko rage ta ga babbar wutar da ke bi ta cikin ƙwan. Da haka ƙaramin motsi yake juya babban ƙarfi, kamar yadda linzami ke juya doki.

Kowace sana'a tana da littafinta na farko, kuma na masu wannan aiki shi ne zanen wayoyin Fender Champ, samfurin da ake kira 5F1. Leo Fender, wanda ya fara da shagon gyaran rediyo a garin Fullerton na jihar Kalifoniya a 1938, ya fito da kakan wannan ampili a 1948, samfurin 5F1 kuwa an yi ta ƙera shi daga tsakiyar shekarun 1950 har zuwa 1964. Ƙwai uku ne kawai a cikinsa: 5Y3 mai daidaita wutar bango, 12AX7 mai ɗaga siginar gita, da 6V6 mai tura amsa-kuwwa, wadda faɗinta bai wuce santimita 20 ba. Maɓalli ɗaya gare shi, na ƙara murya. Ƙananan kayan da ke kan allonsa kusan ashirin ne, zanen kuma bai cika shafi guda ba. Wannan ƙanƙanta ita ta sa ya zama darasin farko ga duk mai koyo, kuma ita ce babbar hujjar da za a kafa wa wannan ɗabi'a, kamar yadda za a gani nan gaba.

Hujjar da su masu aikin suka fi kawowa ita ce ta sauti, kuma akwai gaskiya a cikinta. Ƙwai, idan aka matsa masa fiye da ƙarfinsa, yakan lanƙwasa siginar a hankali maimakon ya datse ta lokaci guda. A ampili irin Champ, inda ƙwai ɗaya tak ke tura amsa-kuwwa, wannan lanƙwasa tana haifar da wani amo na biyu da ya ninka na asali sau biyu, wanda kunne ke ji kamar murya ta yi kauri da ɗumi. Sai dai wannan daɗi ba ya fitowa sai an murɗa maɓallin kusan ƙarshe. Ampili mai wat 50 ko 100, in aka yi masa haka a ɗaki, maƙwabta za su fito. Ga kuma wani lissafi da mutane da yawa ba su sani ba: wat 50 bai fi wat 5 ba sai da desibel 10, wanda kunne ke ɗauka a matsayin ninki biyu kawai. Ma'ana wat 5 ma yana da ƙara sosai, shi ya sa wasu ke saukowa zuwa wat 1 ko rabi. Ɗakunan ɗaukar faifai sun daɗe da gane wannan sirri; da ƙaramin Champ Eric Clapton ya yi aiki lokacin ɗaukar faifan Layla a Miami a 1970.

To amma a nan ne kuskuren farko yake. Yawancin masu harhaɗa waɗannan na'urori suna magana a kan wannan gurɓataccen sauti kamar wani tsarkakakken gado da magabata suka tsara da gangan. Tarihi bai goyi bayansu ba. Leo Fender, wanda shi kansa ba makaɗin gita ba ne, sauti mai tsabta yake nema saboda makaɗan kantiri da ke sayen kayansa, Champ kuwa an yi shi ne don ƴan koyo, mafi araha a jerin kayan kamfanin. Sautin da ake girmamawa yau ya samo asali ne daga hatsari da rashi. A 1951, ampilin Willie Kizart, makaɗin gitar ƙungiyar Ike Turner, ya lalace a hanyarsu ta zuwa Memphis. Aka cusa takarda a cikin amsa-kuwwar, Sam Phillips ya ɗauki waƙar Rocket 88 a haka. A 1964, Dave Davies na ƙungiyar Kinks ya sa reza ya tsaga amsa-kuwwar wani ɗan ampili mai suna Elpico, daga nan sautin You Really Got Me ya fito. Waɗannan mutane ba su bi zanen kowa ba. Abin da ke hannunsu suka wahalar har ya faɗi wani sabon abu.

Kuskure na biyu ya fito daga na farko. Da zarar an mai da zane ya zama nassi, sai aikin ya koma hadda. A kasuwar wannan sana'a ana sayar da kaya a ƙunshe, da allo da wayoyi da hoton inda kowace waya za ta zauna, ta yadda mutum zai iya gama ampili ba tare da ya san dalilin ko da rezistans guda ba. Daga nan sai gardama ta koma kan abubuwan da kunne ba ya iya tabbatarwa: wayar da aka naɗe da zane ko wadda aka naɗe da roba, kondansatan wannan kamfani ko na wancan, ƙwan da aka ƙera a 1958 wanda ke kwance a sito ko na bana. Ana zuba kuɗi masu yawa a kan waɗannan, alhali abin da ya fi sauya sauti a fili yake: amsa-kuwwa, da taransifomar fita, da girman akwatin, da yatsun makaɗi. Malamin da ya taɓa ganin ɗalibi ya haddace darasi baƙi da baƙi, aka juya masa tambaya ya tsaya cik, zai gane wannan cuta nan take.

Kwaikwayo a kansa ba laifi ba ne, kuma tarihin ampili ya nuna haka. A 1962, Jim Marshall, mai shagon kayan kiɗa a unguwar Hanwell ta Landan, tare da Ken Bran da Dudley Craven, sun ɗauki zanen Fender Bassman suka kwafa. Sai dai kayan Amurka suna da tsada a Ingila, don haka suka yi da abin da suka samu: suka canza ƙwan farko da wani mai ƙarin ƙarfi, suka sa amsa-kuwwar Celestion a cikin rufaffen akwati. Abin da ya fito, JTM45, ya zama tushen sautin rok na Ingila. Shi ma Fender daga littattafan ƙwai na kamfanin RCA da zane-zanen Western Electric ya ɗebo nasa. Bambancin a bayyane yake: waɗannan sun fahimci abin da suke kwafa, shi ya sa da kaya suka yanke musu ba su tsaya ba.

Akwai kuma inda hadda ke iya kashe mutum, kuma wannan ba salon magana ba ne. Ƙaramin ampili mai wat 5 yana ɗauke da wuta fiye da volt 300 a cikinsa, kondansatocinsa kuma suna iya riƙe ta bayan an zare shi daga bango. Tsofaffin ampilin wancan zamani suna da filogi mai baki biyu, babu wayar ƙasa, da wani kondansata da ke haɗa wutar bango da ƙarfen akwatin. In ya lalace, igiyoyin gitar da ke hannun makaɗi su ne za su ɗauki wutar. Masu hankali cikin magina na yau suna cire shi, su sa waya mai baki uku. An kuma zana waɗannan na'urori ne don wutar Amurka mai volt 110 zuwa 120, saboda haka wanda ke ƙasar da ake amfani da volt 220 zuwa 230, kamar Faransa ko Nijar, tilas ya nemi wata taransifoma. Duk wanda ya ce zai bi zanen asali sau da ƙafa don girmama magabata, ya manta cewa ƙaramin sani ƙunƙumi ne.

Haka nan maganar ƴancin kai da ake yawan yi tana buƙatar gyara. Mai harhaɗa ampili a gida yana alfahari da cewa ya kuɓuta daga manyan kamfanoni, amma ƙwan da ya dogara da shi ƴan masana'antu kaɗan ne suka rage suna yin sa a duniya, musamman a Saratov ta Rasha, da Čadca ta Slobakiya, da wasu a Sin. A 2022, da yaƙin Rasha da Yukiren ya taɓa harkar fitar da kaya, ƙwai ya yi wuya a kasuwa, farashi ya tashi. Ba wanda ke iya hura gilashi ya zuƙe iska a garejinsa yadda masana'anta ke yi. Ƴancin na gaske ne, amma yana da iyaka.

Duk da waɗannan, zalunci ne a ce ɗabi'ar ba ta da amfani. Darajarta tana wani wuri da masu ita ba su cika ambata ba. A 1958 masanin falsafa Bafaranshe Gilbert Simondon ya wallafa littafinsa Du mode d'existence des objets techniques, inda ya ɗauki ƙwan lantarki a matsayin ɗaya daga manyan misalansa. Ra'ayinsa shi ne masu ilimin adabi sun kori na'ura daga cikin al'ada, kuma baƙuntar da mutum ke ji a gaban na'ura ta samo asali ne daga rashin saninsa da yadda take aiki. Idan aka auna da wannan ma'auni, ƙaramin ampili mai ƙwai abu ne mai wuyar samu a wannan zamani: na'ura ce da mutum ɗaya zai iya bi daga bakin wayar gita har zuwa amsa-kuwwa, ya san aikin kowane abu, ya auna, ya gano inda ta lalace, ya gyara. Na'urorin kwamfuta na yau suna kwaikwayon sautin ƙwai har ƙwararru su rikice, kuma sun fi sauƙi da araha. Amma in suka mutu sai a jefar. Champ na 1959 har yanzu ana gyara shi da ƙarfen liƙi da ma'aunin wuta.

In ana neman magadan Kizart da Davies na gaskiya, watau masu tilasta wa abin da ke hannu ya yi magana, ba lallai a same su a garejin Kalifoniya ba. A Kinshasa, Mingiedi Mawangu, wanda ya kafa ƙungiyar Konono Nº1, ya haɗa wa likembe na'urar ɗaukar sauti da maganaɗisun tsofaffin kayan mota, gurɓatar sautin kuma ta zama tambarin faifan Congotronics na 2004. A yankin Tawa, Mdou Moctar ya yi gitarsa ta farko da katako da wayoyin birkin keke. Wannan shi ne abin da Claude Lévi-Strauss ya bayyana a La Pensée sauvage a 1962 da sunan bricolage: aiki da abin da aka tarar, ana ba shi sabon amfani. Ruhin da ya haifi sautin da ake yabo yana tare da su fiye da wanda ya biya kuɗi aka aiko masa da kaya a kwali.

Hukuncin da ya dace, ke nan, mai fuska biyu ne. A matsayin bautar wani sauti na shekarun 1950, harhaɗa ƙaramin ampili a gida sha'awa ce ta masu hali, mai cike da camfi. A matsayin makaranta kuwa, da wuya a sami irinta: shafi guda na zane yana koyar da dokar Ohm, da lissafin desibel, da tarihin kiɗa, da tsoron wuta, da haƙurin neman kuskure. Malamai da ƙungiyoyin raya al'adu, waɗanda kullum suke fama da tambayar yadda za a adana gurmi ko molo ba tare da an mai da su kayan gidan tarihi ba, suna da abin ɗauka a nan. Gwajin guda ne ga maginin ampili da ɗan makaɗin gargajiya: a ɗauke masa kaya ɗaya daga cikin waɗanda ya saba, a ga ko zai iya ci gaba. Wanda ya nemo madadi ya san dalilin da ya sa madadin zai yi aiki, shi ya gaji sana'ar. Wanda ya zauna jiran a aiko masa da irin na asali, hadda ya yi, ko da akwatinsa ya yi kama da na Fender har a ɗinkin marfi.