Daga Makoɗi Zuwa Laongo: Nazari Kan Sassaƙar Dutse a Karkara

Duk wanda ya tashi a ƙasar Gozaki, cikin Ƙaramar Hukumar Ƙafur, ya san ƙarar koɗa. Idan dutsen niƙa ya yi santsi ya daina cin hatsi, sai a ɗauko makoɗi a yi ta ƙwanƙwasa fuskarsa a hankali, har kaushinsa ya dawo. Aikin dutsen da muka gada ke nan: haƙuri da sanin inda za a buga. Da injin niƙa ya shigo sai ƙarar ta yi ƙasa. Yau in ka ji guduma na cin dutse tsakanin Funtuwa da Malumfashi, galibi tsakuwa ake fasawa don tifa ta kwashe.

A Laongo ta Burkina Faso, gabas da Wagadugu, wata hanya suka ɗauka. A 1989 masassaƙi Siriki Ky ya fara tara gwanaye daga ƙasashe daban-daban su sassaƙa duwatsun dajin a inda Allah Ya ajiye su. A Zimbabuwe ma, gonar taba ce Tom Blomefield ya mayar da ita ƙauyen masassaƙa na Tengenenge a 1966, inda irin su Bernard Matemera suka yi suna.

Abin da ya raba wannan fasaha da kayan gidan tarihi shi ne dutsen ke faɗa wa masassaƙi abin da zai yi. Sai ya zaga shi, ya duba jijiyarsa da tsagarsa, ya lura da inda hantsi ke dukansa, sannan ya ɗora kurfi. Bayan ya gama kuma aikin bai ƙare ba. Damina ta wanke shi ya yi duhu, hunturu ya shafa masa ƙura, ciyawa ta rufe gindinsa, makiyayi ya huta a inuwarsa. Raunin wannan fasaha kuwa, in mutanen ƙauyen ba su da hannu a ciki, sai ta zama abin kallon baƙi kawai.

Na san abin da mai karatu zai ce: gumaka fa? Tambaya ce mai nauyi, kuma ba na goyon bayan sassaƙa siffar mai rai. Amma ai fasaharmu ba ta taɓa dogara da siffa ba. Dagin da magina ke zanawa a soraye, da aska takwas ta babbar riga, da zayyanar allon mahaddata, duk za su zauna a jikin dutse daram. Ga Sashen Zane da Sassaƙa na Jami'ar Ahmadu Bello nan kusa a Zariya, ga dattawan da suka san koɗa ba su ƙare ba tukuna. Haɗa su ya rage.

Dutsen da aka fasa, sau ɗaya ake cin kuɗinsa. Wanda aka yi wa dagi kuwa, jikan manomin da ya bar shi a gonarsa zai tarar da shi.