Jinjina ga Masu Gugar Mota

Idan mota ta fito garau daga gareji, mai fenti ake yabo. Ni kuwa yaron da ke tsugune da sanfefa nake sara wa, ko a Tashar Yari, ko Hunkuyi, ko cikin garin Ikara, inda motocin rake da tumatir ke dawowa da lotsa kullum.

Ƙarfe ma da sauƙi. Bamba ta faiba ita ce mai gardama, don a sulɓinta fila ba ta kamawa. Sai an wanke maiƙo tas, a goge da sanfefa mai kaushi har sheƙin ya mutu, a shafa fila, a bi da mai laushi, sannan firamare. Wanda ya yi gaggawa, kafin damina ta fita fentinsa zai ɓare.

Ko a Ingila, inda McLaren ta fito da motar tsere ta zaren kabon a 1981, haka ake yi: a kashe sheƙin, amma kada a kai ga zaren, don yanke shi raunana jikin ne.

Yaron namu dai ƙyalle yake ɗaurawa a hanci, ya shafa da tafin hannu, ya ce, "Oga, da saura."