Galahanga da Hukuncin Hauka: Sharhi kan Yadda Ake Fahimtar Hadisin Ɗauke Alƙalami

Gabatarwa

Daga cikin hadisan da ɗalibi kan ji tun farkon zamansa a zauren malami akwai wanda Abu Dawuda da Tirmizi da Nasa'i da Ibn Majah suka ruwaito game da mutum uku da aka ɗauke wa alƙalami, wato mai barci, da yaro, da wanda hankalinsa ya gushe. Hadisi ne na rahama. Sai dai an wayi gari ana shigar da yara masu larurar otizim ƙarƙashin kashi na uku ba tare da bincike ba. Ita ce larurar da Larabawa ke kira tawahhudi, kafofin yaɗa labarai na Hausa kuma suka saba kiranta galahanga. Wannan maƙala tana sukar wannan fahimta ne da ma'aunin fiƙihun da masu ita ke jingina da shi.

Siffar mas'alar

A ƙaddara wani yaro ɗan shekara tara a makarantar allo a Sanyinna, cikin ƙaramar hukumar Tambuwal. Ba ya kallon idon mai magana da shi, kuma idan aka yi masa tambaya sai ya maimaita ta maimakon ya amsa. Ƙarar lasifika kan sa ya toshe kunne, idan aka canza masa wurin zama kuma sai ya rikice. Amma ya riga sa'o'insa haddace izu biyu, yana kuma gane allonsa cikin alluna hamsin. Mutanen unguwa za su rabu biyu a kansa: wasu su ce shafar aljanu ce, wasu su ce taɓin hankali ne. Duka ɓangarorin sun haɗu a kan cewa an ɗauke masa alƙalami, don haka babu buƙatar koya masa alwala, balle a yi tunanin sana'arsa ko rabonsa na gado.

Abin da ilimin likitanci ya tabbatar

Su ma likitocin Turai sun faɗa cikin wannan ruɗani kafin su fita. Eugen Bleuler, likita a Suwizalan, ya yi amfani da kalmar otizim a 1911 don siffanta wata alama ta ciwon hauka mai tsanani. A 1943 Leo Kanner ya bayyana halin yara 11 a Amurka, ya nuna cewa abin da ke tare da su ya faro ne tun farkon rayuwa. Sai a 1980 kundin ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ya raba larurar da haukan yara. Kundin Hukumar Lafiya ta Duniya da ya fara aiki a 2022 ya sanya ta cikin larurorin da suka shafi yadda ƙwaƙwalwa ke girma.

Ma'anar wannan ita ce, da shi ake haihuwar mai galahanga, alamominsa kan bayyana yawanci kafin shekara uku, kuma gado yana da babban kaso a cikin sababinsa. Bambancin yana cikin yadda yake hulɗa da mutane, da yadda yake isar da saƙo, da yadda ji da gani da taɓawa ke riskarsa. Masu shi mataki-mataki ne. Akwai wanda ke da raunin fahimta mai tsanani, akwai mai matsakaicin hankali, akwai kuma wanda ya zarce tsaransa a lissafi ko hadda.

Inda fahimtar ta kauce

Kuskure na farko shi ne barin illar hukunci a kama alama. Malaman usulu sun yi ittifaƙi cewa hankali shi ne tushen taklifi, hukunci kuma yana kewayawa ne tare da illarsa. Abin da ya ɗauke alƙalami shi ne gushewar hankali. Kau da ido da ƙarancin magana da kaɗa hannu, babu ɗaya daga cikinsu da ke tabbatar da wannan gushewa. Fiƙihu ya daɗe da rarrabe magana da hankali, domin malamai sun karɓi nunin bebe idan ana fahimtarsa, suka zartar da aurensa da cinikinsa da shi. Idan rashin furuci gaba ɗaya bai kore hankali ba, ta yaya ƙarancinsa zai kore shi?

Na biyu shi ne dunƙule abin da magabata suka rarrabe. Lafazin hadisin kansa ya zo da fuskoki: wata ruwaya ta ambaci majnuni, ta Tirmizi daga Sayyidina Ali (RA) ta ambaci ma'atuhi, wata kuma daga Nana A'isha (RA) ta ce mubtala. Malaman usulu na Hanafiyya, irin su Bazdawi wanda ya rasu a 482 bayan Hijira, sun ware babi ga abubuwan da ke bijiro wa cancantar mutum. A nan suka bambanta junun da atahu, wato raunin fahimta, suka ba ma'atuhi hukuncin yaro mai wayo. Sun kuma bambanta hauka mai ɗorewa da mai zuwa yana tafiya, suka ware safihi, wanda hankalinsa ke nan amma bai iya riƙon dukiya ba. Duk wannan tsani na hukunce-hukunce kalma ɗaya ta "mahaukaci" ke rushe shi a bakin jama'a.

Na uku shi ne raina abin da laƙabin ke jawowa. A mazhabar Malikiyya, wadda Risala da Muktasar na Halilu ke karantarwa a zaurukan Tambuwal da Kebbe, mahaukaci ana hana shi sarrafa dukiyarsa, ba a karɓar shaidarsa, sakinsa ba ya aukuwa, kuma hauka na cikin aibobin da ke ba da zaɓin warware aure. Wanda ya kira yaron Sanyinna mahaukaci ya yanke waɗannan hukunce-hukunce duka a kansa tun yana ɗan shekara tara, babu alƙali, babu shaida. Alhali aya ta 6 a Suratun Nisa'i ta yi umarni a jarraba marayu, idan aka ga shiriya a tare da su a miƙa musu dukiyarsu. Hanyar Alƙur'ani ke nan: a gwada mutum shi kaɗai, sannan a yi hukunci.

Batun aljanu da ruƙya

Ruƙya da Alƙur'ani da addu'o'in da suka inganta sunna ce, babu mai jayayya a kan haka. Abin suka shi ne yanke cewa aljani ne sababi ba tare da hujja ba, da abin da kan biyo baya na duka da hayaƙi da ɗauri. A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun fitar da ɗaruruwan mutane daga wata cibiya a Rigasa ta Kaduna, wasunsu da mari a ƙafa. Dalilan kai su can daban-daban ne, amma lamarin ya nuna inda ake ƙarewa idan aka mayar da kowane baƙon hali abin horo. Malaman Daular Sakkwato ba su ga karo tsakanin tawakkali da binciken sababi ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya yi rubuce-rubuce kan magani, ciki har da ciwon ido da basur.

Iyakar hujjar

Adalci ya wajabta a faɗi cewa masu kiran galahanga bambanci kawai su ma sukan zarce iyaka. Akwai yaran da ba za su iya rayuwa su kaɗai ba har abada, kuma farfaɗiya ta fi yawa a cikin masu wannan larura, wadda tilas likita ya duba. Irin waɗannan hukuncin ma'atuhi na iya hawa kansu bayan gwaji, waliyyi ya tsare musu dukiya don amfaninsu. Haka nan raba galahanga da hauka ba ya nufin ƙasƙantar da mai taɓin hankali, domin shi ma mara lafiya ne da ke da haƙƙin magani da mutunci.

Kammalawa

Iyalin da ke Sanyinna sai sun yi tafiya zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko su wuce zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware, kafin su ga ƙwararre. Malamin allo da limamin unguwa kuwa suna bakin ƙofa, kuma su ake fara tambaya. Saboda haka nauyin gyaran ya fi rataya a wuyansu. Ya kamata su kame daga furta hukuncin hauka a kan yaro, su tura iyaye ga likita, su kuma ci gaba da karantar da shi gwargwadon ikonsa: alwala gaɓa-gaɓa, wurin zama guda da ba a canzawa, nesa da hayaniya. Idan ya balaga sai a auna fahimtarsa a kowane babi daban, domin mai yiwuwa ne salla ta wajaba a kansa alhali yana buƙatar mai taya shi riƙon dukiya. Allah ne Mafi sani.